Mai Sanar da Rasuwa Ya Fara Gudu

A unguwar su Nagoggo da ke Umdurman, mutum bai gama mutuwa ba sai Nagoggo ya faɗa. Ko labari ya yawata a waya, ko an ji kukan mata ya tashi daga wani gida, dattawan unguwar ba sa neman takalmansu sai sun gan shi a ƙofar gida da farar jallabiya da rawani, ya yi sallama, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wane ɗan wane ya riga mu gidan gaskiya." Ya gaji aikin ne daga kawunsa, kawun kuma daga wani tsoho cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka iso bakin Nilu suka ajiye kaya. Ba a biyansa komai. Amma shi ake fara miƙa wa shayi a zaman makoki, shi ake ba kujerar da ba ta gurɗe ba. In ka tambaye shi sana'arsa, wannan zai fara gaya maka kafin ya tuna yana da rumfar jakunkuna a kasuwar Suk al-Shabi.

Sunansa na yanka Muhammad Sani. Goggonsa ce ta raine shi, kuma ta yi rainon har ta wuce gona da iri, don tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Mai shayin da ke gaban rumfarsa ta daɗe da daina tambayarsa cokali nawa, sai dai ta yi ta zuba sukari har hannunta ya gaji.

Wata rana da yamma matarsa Zakiyya tana dafa gahawa a tsakar gida, garwashi ya faɗo daga murhu. Nagoggo ya taka shi da babban yatsan hagu, ya ci gaba da ba da labarinsa kamar ba a yi ba. 'Yarsa Iman, wadda ke koyon aikin jinya, ita ta ji ƙauri. Washegari ta tasa shi a gaba zuwa asibiti. Likitan bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce, "Ya Hajji, sukarinka ya yi sama. Ko ka motsa wannan ƙafar, ko wata rana mu raba ka da ita."

Nagoggo ya san ba barazana ba ce. Haka aka yi da yayansa: aka fara da yatsa, aka koma gwiwa, daga nan shi da kansa ya bi gidaje yana faɗa. Tsoro ya kama shi sosai, sai dai ya ɓoye shi a ƙarƙashin rawani, ya dawo gida yana zagin likitocin zamani.

Ba a yi mako ba Iman ta same shi a kan tabarma.

"Yaba, na rubuta sunanka."

"A ina?"

"A gudu. Wata ƙungiya ta shirya shi a bakin Nilu in sanyi ya shigo. Rabin gudun fanfalaki ne, kilomita ashirin da ɗaya. Ni da kai."

"Wa zai koro mu?"

"Ba kowa, Yaba. Riyada ce, motsa jiki."

"Iman, kakannina da ƙafa suka zo ƙasar nan tun daga Haɗejiya. Duk tafiyar da ke kan zuri'armu sun riga sun yi mana ita."

"Aiwa, haka ne," ta ce, "amma su da ƙafa bibbiyu suka iso."

Zakiyya ta ƙyalƙyale da dariya daga madafa. Nagoggo ya tashi ya shige ɗaki.

Iman ta sayo masa fararen takalman gudu masu igiya, ta yi masa bayani dalla-dalla: a fara da kaɗan, gudu kaɗan, tafiya kaɗan, kada a yi wa zuciya ƙarfa-ƙarfa. Ta kawo masa wandon da ake gudu da shi, ya ɗaga shi da yatsa biyu ya mayar mata, ya ce a ajiye wa jikokinsa. Ta ce za su fita tare bayan sallar asuba. Ya ce to. Amma a ransa ya riga ya yanke cewa ranar farko ba ya son shaida, ko da 'yarsa ce. Don haka da aka sallame bai koma gida ba. Ya lallaɓa bayan masallaci, ya fiddo takalman daga leda, ya ɗaure su, ya yi bisimilla. Yana sanye da farar jallabiya da rawani, don a ganinsa dattijo ba ya fita kai ba komai, ko da gudu zai yi.

Ai kuwa, nan kuskuren yake.

Wadda ta fara ganinsa ita ce Dela, wata tsohuwa mai sharar ƙofar gida tun da duku-duku. A iya saninta Nagoggo bai taɓa ko sauri ba. Ranar da babban limami ya rasu ne kawai aka ga ya ɗan ɗaga ƙafa. To yau ga shi da kayan aikinsa, yana gudu, rawani na warwarewa. Wane irin babban mutum ne ya faɗi? Ta yar da tsintsiya ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Masu fitowa daga masallaci suka ji salatin, suka hango bayan Nagoggo, suka rufa masa baya ba tare da sun tambayi juna ba.

Shi kuwa da ya ji takun mutane a bayansa, sai ya ɗauka masu yi masa dariya ne, ya ƙara mai. Batun gudu kaɗan tafiya kaɗan ya bi iska. Ƙirjinsa ya ɗauki wuta, idanunsa suka fara ganin taurari da sassafe, tumbin na zuwa gabas shi yana zuwa yamma. Da ya ji ƙafafunsa za su ajiye aiki, ya nufi ƙofar da ta fi kusa, ya dafa ta da hannu biyu, ya jingina goshinsa, gumi na zuba ta gemu kamar hawaye.

Ƙofar gidan Malam Salih ce, tsohon malamin da ya karantar da rabin unguwar, wanda ke kwance tun bayan babbar salla.

Jama'a suka iso suka yi cirko-cirko. Wani ya matso a hankali. "Nagoggo, shi ne?"

Nagoggo ya ɗaga hannu yana nufin a ba shi lokaci ya sami numfashi. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa kawai shi ne, "Allah... Allah..."

Shi ke nan. Hannuwa suka tashi sama aka shafa Fatiha. Mata suka ɓarke da kuka daga wannan kan layi zuwa wancan. Kafin Nagoggo ya haɗiye yawu, wani ya riga ya ruga wurin Hamuda mai hayar rumfa da kujeru, wani ya buga wa ɗan malam da ke aiki a unguwar Alshajara waya.

Malam Salih yana ciki yana shan kokonsa, ya ji ana kiran sunansa ana cewa mutumin kirki ne. Ya saurara na ɗan lokaci, don ba kullum mutum kan sami irin wannan ba. Sannan ya lalubi sandarsa, ya taka a hankali, ya zare sakata.

An yi gudu a ranar, wanda ya fi na Nagoggo kyau nesa ba kusa ba. Dela ta bar takalmi ɗaya a wurin. Waɗanda suka dake suka tsaya baki buɗe, hannuwansu na sama ba su sauke ba. Malam ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai son ya riƙe wa ya zo wa bai zo ba. Daga ƙarshe ya sauke idonsa a kan fararen takalman, ya ɗago zuwa fuskar mai su.

"Muhammad Sani," ya ce, "gaggawar me kake yi da ni?"

Da za a tambayi Nagoggo a lokacin, da ya zaɓi a yanke ƙafar a wuce wurin.

Labarin ya riga shi tsallaka gadar Nilu. Yana isa Suk al-Shabi, abokinsa Sule, mai sayar da igiyoyi da kwaɗuna a rumfar da ke manne da tasa, ya miƙe tsaye ya cire hula. Sule siriri ne kamar kara, tare suka tashi tun suna zuwa makarantar Malam Salih, kuma bai taɓa barin dama irin wannan ta wuce shi ba.

"Ya zol, mutumina, yau wa ka kashe mana? Faɗa mini tun da wuri in rufe rumfa."

"Sule, ka fita harkata."

"Don Allah in za ka biyo ta layinmu gobe, ka aiko a gaya mini. Gyatumata na da hawan jini."

Duk wanda ya zo sayen igiya a ranar, sai da ya tafi da labarin kyauta.

Dariya ba ta dami Nagoggo kamar abin da ya biyo baya ba. Bayan magariba dattawa suka zauna a harabar masallaci. Zainul'abidin, wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ya daɗe yana ganin muryarsa ta fi dacewa da sanarwa, ya gyara zama ya yi magana mai tsawo. A taƙaice dai cewa ya yi aikin faɗin mutuwa aiki ne na natsuwa, kuma ba zai yiwu kullum da asuba gaban mutane ya riƙa faɗuwa ba. 'Ya'yan Malam Salih suka gyaɗa kai, don har yanzu suna amsa wayoyin ta'aziyya. Aka ba Nagoggo zaɓi: ko gudu, ko sanarwa.

Bai ko yi dogon tunani ba. Ya dawo gida ya tura takalman ƙarƙashin gado da ƙafa, ya ce wa Iman an gama.

Ba ta yi masa gardama ba. Ta zauna a bakin gadon. Da ta buɗe baki, Larabci ya fara zuwa, ta haɗiye shi ta koma Hausa don kada ya ce bai ji ba.

"Yaba, ni na riƙa wanke wa Baffa ciwonsa a asibiti. Na san warin, na san yadda ake naɗe abin da aka yanke a fita da shi. Wallahi tsoro nake ji. Kullum ka cire takalmi sai gabana ya faɗi. Ka riƙe sanarwarka, halas, shi ke nan. Amma ka sani, ranar da aka zo kanka ba kai za ka faɗa ba. Zainul'abidin ne zai bi gidaje da sunanka."

Nagoggo ya zabura. "Da wannan muryar tasa ta agwagwa?"

"Da ita."

Zai so a ce ƙaunar 'yarsa ce kaɗai ta juya shi, kuma lallai hawayenta sun taɓa shi har cikin ƙashi. Amma gaskiya sai an haɗa da Zainul'abidin. Ya sunkuya da ƙyar ya jawo takalman.

Haka ya ajiye aikin kawunsa. Ya koma fita da Iman, da hula a maimakon rawani, da gajeriyar riga da wandon da ya kai idon sawu. Don gudun maimaita abin da ya faru, duk ƙofar da ya wuce sai ya ɗaga murya, "Lafiya lau! Kowa na nan!" Tun ana leƙowa ana dariya har aka saba, wasu ma suka riƙa tashin 'ya'yansu makaranta da muryarsa.

Wahala kam ya sha ta. Cinyoyinsa suka saɓule saboda gogayya, sai da Zakiyya ta ba shi man shafawarta, ya riƙa fita yana ƙamshin amare. Karnukan bayan maƙera suka sa shi a ido. Ya rage sukari, mai shayi ta yi fushi ta ce ko ta yi masa wani laifi ne. Da farko daga wannan turken lantarki zuwa wancan yake kaiwa ya tsaya yana roƙon gafara. A hankali ya fara kaiwa bakin titi, daga baya ya fara hango ruwa. Iman na gefensa tana cewa, "Numfashi ta hanci, Yaba, ka daina surutu." Ranar da suka fara taka gada ya tsaya a tsakiya ya dubi Khartum, ya dubi Umdurman, ya ce ashe ba su da nisa, direbobi ne ke cutar mutane.

Abin da bai saba da shi ba shi ne zaman makoki. An yi rasuwa biyu ko uku a tsakanin, Zainul'abidin ya faɗa. Nagoggo ya je kamar kowa, aka ba shi gurɗaɗɗiyar kujera, shayi ya iso gare shi ya huce. Ya yi kamar bai damu ba, amma abin na cinsa. Sule kuwa bai fasa ba. Kullum da safe sai ya leƙo rumfa ya tambaya ko an kusa tafiya gasar duniya, a saya masa tsaraba.

Sanyi ya fara shigowa, saura 'yan makonni a yi gudun. Wata safiya suka dawo daga bakin ruwa suna haki, sai ga Zainul'abidin tsaye a ƙofar gidansu da rawani. Nagoggo ya san tsayuwar, shi ya ƙirƙire ta. Bai taɓa ganinta daga wannan gefen ba.

"Sule ne," in ji Zainul'abidin. "Ya kwanta bai tashi ba. Bayan azahar za a yi."

Abu na farko da ya zo wa Nagoggo shi ne an faɗa ba daidai ba. Ba sallama mai nauyi, ba sunan uba, an jefo maganar kamar wasiƙa. Sai bayan nan ma'anar ta iso, ya nemi bango ya jingina.

Sule ba shi da sukari, ba shi da hawan jini, ko ciwon kai ba ya yi. Nagoggo ya juyo wurin 'yarsa, idanunsa jawur. "Kin gani? Mutumin da ba shi da tsokar da za a gasa. To gudun me nake yi?"

Iman ta kama hannunsa ta ja shi cikin gida.

Bayan azahar aka yi wa Sule salla. An shimfiɗe shi a kan angarib, gadon igiyar nan da a kansa ake haihuwa a kansa ake fita da mutum. Daga masallaci zuwa maƙabarta tafiya ce mai ɗan nisa, a kafaɗa kuma ake ɗauka, ana karɓa-karɓa, kowa ya ɗan taɓa ya sami lada ya ba na baya. Duk tsawon shekarun da Nagoggo ya yi yana faɗin mutuwa, bai taɓa sa kafaɗarsa ba. Yakan bari a yi gaba, ya tare raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya iske su a can yana gyara rawani. Kowa ya san dalili, ba a taɓa yi masa magana ba.

Yau da aka ɗaga gadon, sai ya tsinci kansa a ƙarƙashin ƙafar gaba ta dama. Katakon ya zauna masa a kafaɗa. Aka ɗan taɓa tafiya, wani ya matso zai karɓa.

"Kawo, Hajji."

"Akwai sauran ƙafa uku, je ka can."

Wani ya sake zuwa, ya sami amsa iri ɗaya. Aka fara kallon juna, don ba a yin haka, hana mutane lada ne. Nagoggo bai kula ba. Rana na dukan ƙeyarsa, rairayi na shiga takalminsa, yana jan numfashi ta hanci yana kiran sunan Allah a kan kowane taku. Bai san ya ƙara sauri ba. Masu riƙe da sauran ƙafafun suka fara canjawa akai-akai suna haki, jerin mutane ya miƙe ya yi tsawo, Zainul'abidin ya koma can baya dafe da rawani yana cewa a yi a hankali. Sule dai, wanda ya yi wata da watanni yana dariyar gudu, da sassarfa aka kai shi.

Nagoggo bai sauke ba sai a bakin kabari. Ya tsaya har aka mayar da ƙasa, aka yayyafa ruwa, aka yi addu'a. Ya dawo gida da ƙafarsa, bai nemi raksha ba.

Iman na jiransa da ruwa a roba. Ta zaunar da shi a tsakar gida, ta cire masa takalma, ta sa ƙafafunsa a ruwan. Jallabiyar ta manne da kafaɗarsa inda katako ya saɓule fata. Tun safe bai yi kuka ba, sai yanzu ya zo masa, mai sauti, irin na ƙaton mutum da bai iya ba. Ta bar shi ya yi, tana cuɗa masa dunduniya.

Da ya lafa ya share fuska da hannun riga.

"Tun kafin a haife ki nake faɗin mutuwar mutane, ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Ashe nauyi gare su."

"Har Baba Sule?"

"Har shi, ɗan siririn nan. Ban san inda ya ɓoye shi ba."

Ta ɗago ƙafarsa ta hagu ta ɗora a cinyarta, ta goge ta da zane, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana buɗawa tana dubawa. Ya kau da kai gefe, ba ya son ya ga fuskarta.

"Yaya take?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Tana nan, Yaba," ta ce. "Ba ni ɗayar."